Kundin aiki: darussan taswira da labarin ƙasa don masu farawa

8 ga Satumba, 2025

Yau muka tsayar da magana ni da Malama, wadda za ta riƙa zana mana taswirori da hotuna. Za mu haɗa ƙunshin darussan share fage a ilimin labarin ƙasa, ɓangaren da ya shafi ɗan Adam: ina mutane ke zaune, me ya ajiye su a can, ta yaya abu ke tashi daga wani wuri ya isa wani. Masu karatun manya ne, 'yan ajin yamma, galibinsu sun daɗe da rabuwa da benci. Duk darasin da muka rubuta sai mun gwada shi a aji mun gyara kafin ya shiga ƙunshi.

Tun ba a je ko'ina ba mun sha bamban. Malama so take a buɗe kowane darasi da jerin ma'anoni, ɗalibi ya haddace sannan a shiga misalai. Ni kuma na fi son kada a ba ɗalibi sunan abu sai ya yi karo da matsalar da ta sa aka raɗa sunan, domin ma'anar da aka haddace a bushe ba ta kwana biyu a ka. Ta ce, "Malam, ranar jarrabawa ma'ana za a tambaye su." Tana da gaskiya a nan. Mun daidaita a kan cewa ma'anoni su koma shafin ƙarshe na kowane darasi, aiki da hannu ya zo a gaba.

16 ga Satumba

Darasin farko. Na raba farar takarda na ce kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa aji, ba duba waya, ba leƙen na kusa. Da aka gama muka manna su a bango.

Mutum biyu a ajin layinsu ɗaya, amma in ka ga takardunsu sai ka rantse ba gari ɗaya suke ba. Ɗayan direba ne. Tasa cike take da mahaɗar tituna da kwanoni, ya sa kibiya a titin da ba a shiga sai ta gefe guda, kuma tituna sun yi faɗi har sun cinye takardar. Ɗayar a ƙafa take zuwa. Babban titin da ya mamaye takardar direban, ita siririn layi ta ja masa a can gefe, ta cika tsakiya da wani lungu da take yankewa ta ciki, da wata bishiya, da wani gida da ta zana wa kare a ƙofa har da haƙora. Wani dattijo kuwa ya zana gidansa ya kai girman unguwa, ajin namu ya zama ɗan ɗigo a kusurwa.

Na tambaya wacce ce daidai. Aka yi ta muhawara har wani ya ce duka daidai ne, ya danganta da wanda za ka ba. Daga nan darasin ya kama kansa. Kowa ya ga cewa shi ma ya zaɓi abin da zai saka, ya watsar da saura, ya girmama wani abu, ya ƙanƙantar da wani. Wannan ita ce taswirar cikin ka, wadda kowa ke yawo da ita, kuma zaɓin da suka yi shi ne dai wanda ƙwararren mai zana taswira ke yi, illa shi yana da ƙa'ida yana kuma rubuta ta a gefe. Abin da nake so su riƙe har ƙarshen ƙunshin ke nan, tambayoyi uku a gaban kowace taswira: wa ya zana, don wa, me ya bari a waje.

23 ga Satumba

Ma'aunin taswira. Lissafin bai ba su wuya ba. A taswira mai 1:50,000, santimita 1 mita 500 ne a ƙasa. A mai 1:1,000,000, santimita 1 kilomita 10 ne. Inda aka yi tuntuɓe shi ne wacce ake kira mai babban ma'auni. Kowa ya nuna ta miliyan, tunda lambarta ta fi tsawo. Sai da muka mayar da abin rabon gado: kaso ɗaya cikin 50,000 da kaso ɗaya cikin 1,000,000, wanne za ka karɓa? Nan take suka gane. Babban ma'auni ƙaramin wuri yake nunawa dalla-dalla, ƙaramin ma'auni kuma faffaɗan wuri a dunƙule.

Amma abin da ya fi lissafin muhimmanci shi ne ma'auni yana canja amsa. Na ba su labarin Lewis Fry Richardson, masanin Ingila da ya lura cewa Sifaniya ta rubuta tsawon iyakarta da Fotugal kilomita 987, ita kuma Fotugal ta rubuta 1,214. Iyaka ɗaya ce, ba wanda ya yi ƙarya. Wanda ya auna da gajeren ma'auni yana bin kowane lanƙwasa na kogi da tudu, wanda ya auna da dogo yana tsallake su. Muka gwada da zare da rula a kan wani karkataccen layi da Malama ta zana a allo. Mai zare ya fi mai rula samun tsawo, kamar yadda aka zata.

24 ga Satumba

Mai buga mana takardu ya rage girman taswirar jiya don ta shiga shafi, sai 1:50,000 ɗin da ke rubuce a ƙasanta ya tashi daga aiki. Daga yau kowace taswira a ƙunshin za ta ɗauki ma'auni na sanda, wanda ke raguwa ko ƙaruwa tare da hoton.

2 ga Oktoba

Darasin da na fi ɗoki, kuma shi ya fi cin lokaci. Na zo da ƙwallon roba mai laushi irin na wasan yara. Muka ja masa layi a ƙugu a matsayin ikwaita, muka sa ɗigo sama da ƙasa. Sai muka ɗauki murfin kwalba muka zana da'irori masu girma ɗaya: wasu a kan ikwaita, wasu a tsakiya, wasu dab da ɗigon sama. Na miƙa wa wata ɗaliba reza na ce ta shimfiɗa mana shi a tebur, ya kwanta lif kamar takarda.

Ta tsaga shi daga sama zuwa ƙasa, ta danna, ya ƙi. Tsakiya ta kwanta, sama da ƙasa suka tattare. Ta ƙara tsagawa a wurare da dama, ya kwanta, amma ya zama yanka-yanka da giɓi a tsakani, har wata da'ira ta rabe biyu. Wasu maza suka ce a bar musu, suka kama wani yanki suka ja da ƙarfi don su rufe giɓin. Giɓi ya rufu, da'irorin sama kuwa suka miƙe suka zama zungurarru. Ɗalibar ta ajiye reza ta ce, "Malam, ko dai a yaga ko a ja, babu ta uku." Na ce ta faɗi abin da Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da lissafi a 1827: ba yadda za a yi a kwantar da bayan ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗen wuri ba tare da an ɓata wani abu ba. Ko girma, ko siffa, ko nisa, ko alƙibla, dole wani ya sha wuya. Mai zana taswirar duniya zaɓa yake yi wanne zai tsare, wanne zai sadaukar.

Sannan na fito da taswirar Mercator. Gerardus Mercator ya buga ta a 1569 don matuƙan jiragen ruwa, kuma abin da ya tsare shi ne kusurwa: in ka ja miƙaƙƙen layi tsakanin tashoshi biyu, ka karanta kusurwarsa, ka saita kamfas a kai, za ka isa. A zamanin da kuskuren alƙibla ke nufin mutuwa a teku, wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Ga yadda ya biya kuɗinta. A kan ƙwallon duniya layukan tsaye suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙuryar arewa da ta kudu. Shi kuwa ya miƙar da su, ba sa taɓa haɗuwa, wato ya ja ƙasa gabas da yamma. A digiri 60 jan ya ninka biyu. Don kada siffa ta lalace, sai ya ja arewa da kudu ma ninki biyu. Biyu sau biyu, fili ya kumbura sau huɗu. Kana ƙara yin arewa kumburin na ƙara muni, har ta kai ƙuryar kanta ba ta zanuwa sam. Shi ya sa Girinlan, mai murabba'in kilomita miliyan 2 da 'yan kai, take fitowa kamar ta yi kafaɗa da Afirka mai miliyan 30, alhali Afirka ta ninka ta sau 14.

Ajin ya ɗau zafi. Wani ya ce, "Ashe da gangan suka ƙanƙantar da Afirka." Na ce a yi wa mutumin adalci. Kayan aikin matuƙi ya ƙera, kuma a wannan aiki har yau ba ta gaza ba. Ita ce ma tushen taswirar da ke cikin wayoyinmu, domin in ka matso da unguwa kusa kana so mahaɗar titi ta fito a yadda take, ba a karkace ba. Laifin yana kan waɗanda suka ɗauke ta daga jirgi suka rataye a bangon aji ɗaruruwan shekaru, yara suka tashi da girman nahiyoyi a birkice a kansu. Wannan koke ne na gaske, kuma a watan Agustan bana Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a daina amfani da Mercator a irin waɗannan wurare.

Na nuna musu wadda Arno Peters ya yayata a 1973, irin wadda James Gall ya riga shi zanawa a 1855. Girma daidai, amma Afirka da Kudancin Amurka sun zube sun yi tsawo. Wanda ya yi zafi ɗazu ya dube ta ya ce wannan ma ba ita ba ce. Don ƙunshin mun zaɓi Equal Earth ta 2018, wadda ke tsare girma ba tare da ta wulaƙanta siffa sosai ba. Mercator za ta fito sau ɗaya, gefe da gefe da ita.

7 ga Oktoba

Malama ta kawo shawara mai kyau: a sa taswirar al-Idrisi a bangon ƙunshin. Ya kammala ta a 1154 a Sisili, a fadar Sarki Roger na Biyu, kuma kudu ce a sama. Na manna kwafinta a allo ban ce komai ba. Aka daɗe ana kallo ba wanda ya gane ko'ina, sai da wani ya tashi ya juya ta, Bahar Rum da Italiya suka bayyana. Duniya ba ta da sama ba ta da ƙasa a sararin samaniya. Ɗora arewa a sama al'ada ce ta masu zane, kuma an yi zamanin da taswirorin Turai gabas suke ɗorawa.

15 ga Oktoba

Layukan kwance da na tsaye. Ba na so mu daɗe a nan, amma akwai bambanci ɗaya da ya cancanci a tsaya. Ikwaita ba wanda ya zaɓe ta, juyawar duniya ce ta ajiye ta a inda take. Daga ita ake ƙirga digiri zuwa 90 arewa da 90 kudu, kowane digiri kimanin kilomita 111. Layin tsaye na sifili kuwa ƙuri'a aka kaɗa masa. A Oktoban 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, 22 suka zaɓi layin da ya ratsa Greenwich a Landan, ƙasa ɗaya ta ƙi, Faransa da Birazil suka ƙaurace. Dalilin zaɓin a fili yake, yawancin jiragen ruwan duniya a lokacin da taswirorin da ke ƙirga daga Greenwich suke tafiya. Faransa ta ci gaba da riƙe agogon Faris har 1911.

Daga nan lissafin lokaci: digiri 360 cikin awa 24, kowane digiri 15 awa ɗaya. Na ba su Sin su lissafa, faɗinta ya kai digiri 60, suka ce ya kamata a samu bambancin awa huɗu tsakanin gabashinta da yammacinta. Rana haka take yi, amma gwamnati agogo ɗaya ta tsayar wa ƙasar duka, na Beijin, don haka a Kashgar can yamma lokacin sanyi sai wajen ƙarfe 10 rana ke fitowa. Direban nan ya yi tambaya kan yadda waya ke sanin inda yake. Na ba shi a taƙaice: taurarin ɗan Adam na GPS suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,000, kowanne na aiko da lokaci, wayar na auna jinkirin saƙon daga aƙalla huɗu ta fitar da wuri. Ba zai shiga ƙunshin a matsayin darasi ba, ɗan akwati a gefen shafi ya isa.

22 ga Oktoba

Yau muka shiga ainihin labarin mutane. Na rubuta a allo: Masar, fili kimanin murabba'in kilomita miliyan 1, jama'a sama da miliyan 100. Suka raba, aka samu mutum 100 da ɗoriya a kowace murabba'in kilomita. Na tambaya ko ƙasar ta cunkushe, suka ce a'a, da sauran wuri. Sai na ɗaga hoton Masar da aka ɗauka da dare daga sama. Duhu ko'ina, in ban da siririn zaren haske da ke bin Kogin Nilu har ya buɗe a bakin teku. Kusan kashi 95 cikin 100 na mutanen ƙasar a wannan zare suke. Ƙasar noma ba ta wuce kashi 4 cikin 100 ba. Da suka sake rabawa da ƙasar noma kaɗai, amsar ta haura mutum 2,500.

Lambobin biyu duka gaskiya ne, tambayarsu ce ta bambanta. Ta farko cunkoson lissafi ne, mutum nawa a fili nawa. Ta biyu tana auna nauyin da ke kan gona, baki nawa kowane yanki na ƙasar noma ke ciyarwa. Ta farkon kuma ba ta gaya maka komai game da yadda mutane suka bazu, ko a dunƙule suke ko a warwatse. Kanada ma haka: mutum 4 a murabba'in kilomita, amma kashi biyu cikin uku na jama'arta suna cikin kilomita 100 daga iyakar Amurka.

Wannan ya kai mu ga taswira mai launi-launi, wadda ake shafa wa kowace jiha ko ƙasa launi guda gwargwadon adadinta. Charles Dupin ya fara irinta a Faransa a 1826, don nuna inda karatun yara ya yi ƙaranci. Sauƙin karantawa gare ta, shi ya sa 'yan jarida ke son ta, ni kuwa ina ɗari-ɗari da ita. Tana shafa wa hamadar Masar launi ɗaya da Alƙahira. Malama ta zana Masar iri biyu, ɗaya da launi, ɗaya da ɗige-ɗige inda kowane ɗigo ke wakiltar adadin mutane, kuma za su zauna a shafi ɗaya. Na kuma ba ƙungiyoyi biyu jerin alƙaluma iri ɗaya na wasu gundumomi da muka ƙirƙira don atisaye, na ce kowace ta kasa su gida huɗu ta shafa launi. Ƙungiya ɗaya ta yanka a tazara daidai, taswirarta ta fito fari fat da baƙin tabo guda. Ɗayar ta zuba gundumomi daidai wa daida a kowane gida, tata ta fito rabi duhu. Suka tsaya suna kallon juna. Daga yanzu, in ji wata a cikinsu, sai ta karanta mabuɗin taswira kafin ta kalli launin.

4 ga Nuwamba

An samu tsaiko, takarda mai shara-shara ta yanke mana, sai yau muka yi darasin John Snow, likitan Landan da ya bi sawun annobar kwalara.

Malama ta sake zana unguwar Soho ta Landan a fallaye uku. Na ƙasa tituna ne kawai. Na biyu famfunan ruwa na unguwar. Na uku gajerun sanduna baƙaƙe, kowace sanda mutum ɗaya da kwalara ta kashe a wannan gida a 1854, lokacin da annobar ta ci rai fiye da 600. Na ba su na ukun shi kaɗai tukuna. Suka ce tabo ne kawai, ya yi kauri a tsakiya. Suka ɗora a kan tituna, tabon ya zama titin Broad da kewayensa. Da suka ɗora famfuna, ba wanda ya jira na yi magana, yatsu suka sauka a wuri ɗaya.

Ban bar su su yi murna da wuri ba. Na nuna musu wurare biyu a tsakiyar tabon da suka kusa zama fari. Ɗaya masana'antar giya ce a kan titin Broad ɗin kansa, ba ma'aikacinta ko ɗaya da ya mutu. Ɗayan gidan gajiyayyu ne mai mutum sama da 500, biyar kawai suka rasu. A lokacin yawancin likitoci sun yi imani gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. To in iska ce, me ya tsallake da waɗannan? Ajin ya yi shiru, can dattijon nan ya ce, "Ruwansu daban ne." Haka ne, duka biyun suna da rijiyarsu. Sai kuma wata gwauruwa a Hampstead, nesa da unguwar, wadda ta mutu da cutar. Snow ya bi diddigi ya gano kullum ana kai mata ruwan famfon titin Broad saboda ta fi son ɗanɗanonsa.

A nan na kawo maganar Waldo Tobler ta 1970, cewa komai na da alaƙa da komai amma na kusa ya fi na nesa alaƙa. Tabon ya gaskata shi, mutuwa na raguwa kana nisa da famfon. Gwauruwar kuma ta nuna cewa kusanci ba a rula kaɗai yake ba, duk wanda ruwan ke isa gare shi makusanci ne. Snow da kansa ya gane haka, domin a wani zanen ya ja layi da ke kewaye gidajen da famfon ya fi musu kusa a tafiyar ƙafa, bin lungu da kwana, ba a miƙe ba.

Na dage a rubuta labarin yadda ya faru. Ana yawan cewa ya zana taswira, ya ga famfo, aka cire hannunsa, annoba ta tsaya. An cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba, 1854, lokacin cutar ta riga ta fara lafawa don mutane da yawa sun gudu, kuma taswirar daga baya ta fito. Tun kafin nan yana zargin ruwa, ƙafa ya sa ya bi gida-gida yana tambaya. Taswirar hujja ce da ya shirya don ya shawo kan masu musu. Malama ta ce hakan ya rage wa labarin armashi. A wurina ya ƙara masa, tunda ya sa shi cikin tambayoyinmu uku.

Ɗora falle kan falle da suka yi da hannu shi ne abin da kwamfuta ke yi a tsarin GIS, wato tsarin haɗa bayanai a kan taswira, wanda Roger Tomlinson ya assasa a Kanada a shekarun 1960 don ƙididdige filayen ƙasar.

6 ga Nuwamba

Gwajin ma'anoni na farko, na Malama. Sun yi kyau a ma'auni da cunkoso da salon shimfiɗa, wato yadda ake kwantar da ƙwallon duniya a takarda. A layukan kwance da na tsaye kuwa da yawa sun juya su, kuma shi ne darasin da ba mu yi aikin hannu a cikinsa ba. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba, amma ta tafi da ƙwallo da zare.

13 ga Nuwamba

Mazauni da matsayi. Mazauni shi ne ƙasar da gari ke zaune a kai, tudu ce ko fadama, akwai ruwa ko babu. Matsayi kuma inda garin ya faɗo dangane da sauran wurare. New Orleans, wadda Faransawa suka kafa a 1718, mazauninta abin tausayi ne, fadama ce kuma sashe mai yawa na birnin yana ƙasa da teku, shi ya sa guguwar Katrina ta 2005 ta nutsar da kusan kashi 80 cikin 100 nasa. Amma tana bakin Kogin Misisipi, ƙofar kayan tsakiyar Amurka zuwa teku, don haka ba a tashi ba. Singafo ɗan tsibiri ne da ko ruwan sha sai ta sayo wani kaso daga Malesiya, amma tana bakin mashigin Malaka inda jiragen da ke tsakanin Tekun Indiya da gabashin Asiya ke bi.

Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne matsayi na canjawa gari na nan inda yake. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jirgin da ke zuwa Indiya daga Turai ya daina zagaye Afirka, tafiya ta ragu da dubban kilomitoci, tashoshin da ke cin abinci a tsohuwar hanya suka koma gefe. Sun tuna jirgin Ever Given da ya toshe mashigin kwana shida a Maris 2021.

Ana cikin haka wani ya jefo tambayar da na san za ta zo: ko zafi ne ya sa ƙasashe masu zafi suka talauce? Na ce tsohuwar magana ce, Ellsworth Huntington da ire-irensa sun yi ta yaɗa ta a farkon ƙarni na 20, cewa yanayi ne ke yanke wa al'umma ƙaddararta, kuma ta yi wa 'yan mulkin mallaka daɗi ƙwarai. Na ce ya duba Singafon da muka gama magana a kai, digiri ɗaya da 'yan kai take daga ikwaita. Ya duba hoton zirin Koriya da dare, yanayi kusan ɗaya, kudu haske arewa duhu. Ya duba Holan, wadda kusan rubu'in ƙasarta ke ƙasa da teku, suka datse ruwa a 1932 suka busar da fili har ya zama lardin Flevoland a 1986. Muhalli na sa iyaka, yana tsada wani abu yana sauƙaƙa wani, amma mutane ne ke zaɓa a cikin abin da ya ba su. Ban shirya wannan ya zama darasi ba. Yanzu zai zama.

21 ga Nuwamba

Inda aiki ya tsaya. Darussan taswirar cikin ka, ma'auni, salon shimfiɗa, cunkoso da na Snow sun kammala, suna wurin mai bugawa. Na layuka Malama na sake shi da zare a kan ƙwallo. Na mazauni da matsayi yana buƙatar a raba shi biyu.

Darasin yaɗuwa ne ke ba ni ciwon kai. Misalai ba su yi ƙaranci ba. Korona ta fara tsallake daga babban filin jirgi zuwa babban filin jirgi kafin ta gangara ƙananan garuruwa, sannan ta bi mutum zuwa mutum, wato salo biyu a cuta ɗaya. Sana'ar yin takarda ta taso daga Sin ta isa Samarƙand da Bagadaza a ƙarni na 8, ta kai Andalus bayan ƙarnuka. Sequoyah ya ga Turawa na rubutu, bai iya karanta nasu ba, amma ya ɗauki dabarar ya ƙirƙira wa harshen Cherokee nasa baƙaƙen a 1821. Abin da na rasa shi ne aikin hannun da zai sa su rarrabe salon da kansu kafin a ba su suna. Malama ta ce a ba mutum ɗaya wani labari a farkon aji a bi sawun yadda zai zaga, a zana a allo. Za mu gwada ranar 25 ga wata.

Na yankuna kuwa an riga an raba takardunsa: taswirar duniya ba iyakoki, kowa ya kewaye abin da yake kira Gabas ta Tsakiya da jan biro, ya kawo. Uku sun dawo da nasu tun yau. Ɗaya ya sa Masar ya bar Turkiyya, ɗaya ya sa Turkiyya da Iran ya bar Masar, ta ukun ta ja layinta har Maroko. Sauran sai mako mai zuwa.